Gudunmawar Farfesa Robert Adams Wajen Kare Yara Masu Amosanin Jini Daga Shanyewar Ɓarin Jiki: Jawabin Kwamitin Lafiya a Babban Taron Shekara



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba kwamitin lafiya damar yin jawabi. A bana mun zaɓi mu yi magana kan aikin wani masani ɗan ƙasar Amurka, domin bincikensa ya shafi gidaje da dama a wannan gari namu.

Kowa a nan ya san amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cutar tana taɓa ƙwaƙwalwa. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro 1 cikin 10 masu ita kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Yaro yana cikin wasa sai hannu da ƙafa su saki, baki ya karkace. Sau da yawa mukan ce iska ce ta buge shi, alhali jijiyar jini ce ta toshe.

Farfesa Robert Adams likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, ya kuma yi wannan aiki a Kwalejin Koyon Aikin Likita ta Jojiya da ke birnin Ogasta. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: shin za a iya gane yaron da ke cikin haɗari tun bai faɗi ba? Duk wanda ya taɓa ban-ruwa ya san cewa idan aka matse bakin tiyo, ruwa kan fito da ƙarfi. Haka jini yake ƙara gudu a jijiyar da ta tsuke. A 1992 Adams da abokan aikinsa suka nuna cewa na'urar da ake ɗorawa a gefen kai tana auna wannan gudu, babu allura, babu yanka. Daga baya aka tsayar da ma'auni: idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, to yaron yana cikin babban haɗari.

Gane haɗari ba ya wadatarwa sai da magani. Saboda haka ya jagoranci wani gwaji a kan yara 130 da aka samu da irin wannan gudun jini. Aka riƙa yi wa 63 ƙarin jini a kai a kai, sauran 67 kuma aka bar su kan kulawar da aka saba. Yaro 1 kacal ya kamu a rukunin farko, 11 kuma a na biyu, wato haɗarin ya ragu da kashi 92 cikin 100. An buga sakamakon a 1998. Daga nan ne likitoci suka ɗauki ƙa'idar auna kowane yaro mai sikila sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16.

To amma ƙarin jini kowane wata abu ne da ya fi ƙarfin yawancin iyaye a ƙasarmu. A nan ne 'ya'yanmu masana suka ɗora daga inda ya tsaya. Farfesa Shehu Umar Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun yi amfani da wannan awo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitoci a Kano da Kaduna. Maimakon ƙarin jini, sai suka gwada ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya a kan yara 220. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa 8 ne kawai suka kamu cikin fiye da shekara 2 na bibiya, alhali a gwajin Adams kusan 1 cikin 10 na waɗanda ba a yi wa ƙarin jini ba ke kamuwa a duk shekara.

Ashe ke nan ilimi ya zo har ƙofar gida, saura mu miƙa hannu. Don haka muna roƙon wannan taro ya amince da abubuwa uku. Na farko, a ƙidaya yara masu sikila unguwa-unguwa ta hannun masu unguwanni, cikin mutunci da rufin asiri. Na biyu, a ware wani kaso daga asusun ƙungiya domin kuɗin mota zuwa asibitin da ake wannan awo, da tallafin magani bisa umarnin likita. Na uku, iyaye su tsaya kan gwajin jini kafin a ɗaura aure.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Yaron da ya shanye yana ɗan shekara 7 zai yi fama da karatu da sana'a, mahaifiyarsa kuma ta ɗauki jinya ta shekaru. Awo na ƙasa da sa'a ɗaya yana iya kawar da wannan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.