Boycott: Mutumin da sunansa ya zama hukunci

Kalmarmu ta yau kusan duk wanda ke hawa Facebook ko X ya taɓa cin karo da ita. Da kamfani ya ƙara kuɗin kaya, ko wani ɗan fim ya yi katoɓara, sai ka ji an ce "mu yi boycotting ɗinsu kawai". To wannan kalma, boycott, daga ina ta fito?

Wasu na zaton boy ɗin da ke farkonta yaro ake nufi. Ko kusa. Boycott sunan mutum ne, Charles Boycott, Baturen Ingila, tsohon kyaftin na soja. Aikinsa shi ne karɓar kuɗin hayar gonaki a yankin Mayo na ƙasar Ireland, a madadin wani mai ƙasa da ake kira Lord Erne. A lokacin Ireland tana ƙarƙashin Birtaniya, kuma akasarin manoma ba su mallaki gonakin da suke nomawa ba, haya suke yi.

A 1880, bayan shekarun da amfanin gona bai yi kyau ba, manoman suka nemi a rage musu kashi 25 cikin ɗari na kuɗin haya. Mai ƙasa ya ce kashi 10 zai iya. Da aka kasa daidaitawa, sai Boycott ya shiga shirin korar manoma 11 daga gonakinsu. Ana cikin haka ne Charles Stewart Parnell, jagoran ƙungiyar da ke fafutukar haƙƙin manoma, ya yi jawabi a garin Ennis cikin watan Satumba. Shawarar da ya bayar ita ce: duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani, kada a taɓa lafiyarsa, a dai juya masa baya, a hanya, a kasuwa, har a coci.

Mutanen Mayo suka ɗauki shawarar suka juye ta kan Boycott kansa. Masu yi masa aikin gona suka watse. Barorin gida suka tafi. Maƙeri ya daina yi masa aiki, mai wanki ta daina karɓar kayansa, masu shaguna suka daina sayar masa da komai, hatta yaron da ke kai masa wasiƙa ya daina zuwa. Ku ɗan kwatanta abin a unguwarku: mai shayi ya ƙi haɗa maka, mai ruwa ya wuce ƙofarka da kurarsa, ɗan acaɓa ya gan ka ya kau da kai. Kwana nawa za ka yi?

Ba zan ɓoye muku ba, abin bai zama fes kamar yadda ake ba da labarinsa ba. Akwai waɗanda tsoratar da su aka yi kafin suka janye, kuma Boycott ya rubuta wa jaridar The Times ta Landan yana kukan haka. Wasiƙar ce ma ta sa labarin ya bazu. Aka kawo masu sa kai kusan 50 daga arewacin ƙasar su yi masa girbi, sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 na gadinsu. An ƙiyasta cewa an kashe wajen fam 10,000 don a girbe amfanin da bai wuce fam 500 ba. Kafin shekarar ta ƙare ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar, a lokacin kuwa jaridu sun riga sun mayar da sunansa kalma. Daga Turanci ta shiga Faransanci da Jamusanci da wasu harsunan.

A Turanci ana amfani da ita a matsayin suna, ana kuma amfani da ita a matsayin aikatau. Mu a Hausa muna cewa ƙauracewa. Kuma don Allah a daina haɗa ta da yajin aiki. A yajin aiki ma'aikaci ne ke janye ƙarfinsa. A boycott mai saye ne, ko maƙwabci, ko mai zaɓe, ke janye kuɗinsa ko mu'amalarsa.

Abin da ke damuna da yadda muke amfani da ita yanzu shi ne mun mayar da ita huce haushi. A tashi da safe a yi ta yaɗawa, zuwa la'asar wanda ya fara maganar yana layin sayen kayan. Ku duba Montgomery a Amurka. Bayan kama Rosa Parks a Disamban 1955, baƙar fata sun yi kwana 381 ba sa shiga motocin bas na garin. Da ƙafa suke zuwa aiki, masu motoci kuma suka tsara yadda za su riƙa ɗaukar mutane. Suna da buƙata bayyananna, kuma su ne mafi yawan fasinjoji, saboda haka kamfanin ya ji a jikinsa.

Inda na fi so mu yi hattara shi ne zaɓe, domin kullum zaɓe ya matso sai na ji matasa na cewa a ƙaurace. Mai shago yana asara idan ba ka saya ba. Ɗan takara fa? Idan ba ka fito ba, ƙuri'ar masu adawa da shi ce ta ragu. An gwada wannan a Najeriya a zaɓen tarayya na Disamban 1964, lokacin da ƙawancen UPGA, wanda NEPU ta Malam Aminu Kano ke ciki, ya yi kiran a ƙaurace saboda zargin maguɗi. Kiran ya karɓu sosai a Gabas, amma a Arewa zaɓe ya gudana, aka ƙirga ƙuri'u, ɗaya ɓangaren ya kwashe kujeru. Bayan 'yan kwanaki ana ja-in-ja, Shugaba Azikiwe ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sake kafa gwamnati, yankunan da suka ƙaurace kuma sai a watan Maris na 1965 suka je suka kaɗa tasu ƙuri'ar.

A nan za mu tsaya yau. Wanda ke da kalmar da yake so mu tono asalinta, ya rubuto mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.