Gara Ba Ta Shiga Gida Sai An Buɗe Mata Hanya



Malaman tafsiri sun bayyana cewa halittar da ta cinye sandar Annabi Sulaimanu, a ƙissar da ke cikin Suratu Saba'i, gara ce, kuma babu wanda ya lura sai da sandar ta karye. Har gobe haka take aiki: tana cin katako daga ciki, ta bar fatarsa da fentinsa lafiya lau. Saboda haka nake son mu tsaya a kan magana ɗaya yau. Yaƙi da gara a tsarin gini da lura ake cinsa, kuma feshi shi ne mataki na ƙarshe.

Hujjar tana cikin halittar garar kanta. Jikinta laushi gare shi, iska da rana kan busar da ita, don haka ba ta iya tafiya a fili. Dole ta gina siririyar rufaffiyar hanya ta jar ƙasa daga gidanta zuwa abincinta, kuma dole ta sami laima. Wannan rauni nata shi ne makaminmu. Duk wanda ya ga zanen ƙasa ya hau bango, ko bayan kabad, ko gindin ƙyaure, to, ya ga sawunta. Wanda ya ƙwanƙwasa katakon ƙofa ya ji yana amsawa kamar ganga, ya san an cinye cikinsa. Haka nan idan ruwan farko ya sauka, gina, waɗanda wasu ke kira shinge, suka fito daga tsagar daɓe ko bango a cikin ɗaki suka zubar da fukafukai, alama ce gidan gara na ƙarƙashin ginin ko dab da shi, domin waɗannan masu fiffike su ne ke fita kafa sabon suri.

Magina na dā sun san wannan ilimi. Shi ya sa suka zaɓi azara ta giginya wajen rufin soro, don gara ba ta cinta da sauƙi. Yau kuwa ana kafa ɗanyen katako marar magani kai tsaye a ƙasa, a binne guntayen katakon kafinta da kututture a cikin cikon harsashi, a bar famfo yana ɗiga a gindin bango shekara da shekaru, a jingina itacen girki da kwalaye da katanga. Abinci da ruwa ke nan an haɗa mata wuri ɗaya.

Wani zai ce ai fiya-fiya na kashe ta nan take. Gaskiya ne, amma ma'aikatan garar da ido ya gani kawai take kashewa. Sarauniyar na can cikin ƙasa, kuma a irin garar da ke gina manyan suri, takan yi dubban ƙwai a rana guda. Ga kuma haɗarin guba a ɗakin da yara ke kwana. Tsoffin magunguna irin su aldrin da dieldrin an hana su ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, saboda suna daɗewa a ƙasa da jikin ɗan Adam. In har sai an yi feshi, a kira wanda ya san aikin, a yi amfani da magani mai rajistar NAFDAC, a sa shi a ƙasar harsashi, inda hanyar take.

Wani kuma zai ce talaka ba shi da halin wannan duka. Amma mafi yawan rigakafin ba ya cin ko kwabo: a gyara magudana da indararo, a ɗora akwatin tufafi da littattafai a kan dutse ko ƙarfe, a janye su daga jikin bango, a nisanta itace da ɗaki.

Ina roƙon kowa a nan, kafin damina ta kankama, ya ɗauki tocila ya zagaya gindin bangon gidansa ciki da waje, ya leƙa cikin silin, ya ƙwanƙwasa kowane katako.