Wa Ya Ambaci Wa: Taswirar Wani Fannin Ilmi



Kowane ɗalibi ya san jerin littattafan nan da ake rubutawa a ƙarshen maƙala, wanda da yawanmu muke ɗauka wahala ce kawai malamai suka ɗora mana. To, da irin wannan jerin ne masana suke zana taswirar fannonin ilmi. Wanda zan yi magana a kansa yau shi ne fannin nazarin hanyoyin zaƙulo bayani daga cikin tarin takardu.

A 1964 Eugene Garfield ya fara fitar da Science Citation Index a Filadelfiya, kundin da ke nuna wa ya ambaci wa. A 1973 kuma Henry Small a Amurka da Irina Marshakova a Tarayyar Sobiyet, kowa da aikinsa dabam, suka zo da wata dabara: idan marubuta suka yawaita ambaton ayyuka biyu tare, to akwai zumunci tsakanin ayyukan, ko da masu su ba su taɓa ganin juna ba.

Howard White da Katherine McCain sun bi wannan hanya a 1998. Sun ɗauki marubuta 120 da aka fi ambato a mujallu 12 daga 1972 zuwa 1995, sai taswira ta rabu gida biyu: masu nazarin zaƙulo bayani a gefe guda, masu ƙididdigar rubuce-rubuce a ɗaya gefen. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gidan farko ma ba a haɗe yake ba. Ga su Gerard Salton da Karen Spärck Jones da Stephen Robertson, masu gwajin lissafin da kwamfuta za ta bi ta jero takardu. Ga kuma su Nicholas Belkin da Brenda Dervin, waɗanda hankalinsu ke kan mutumin da ya zo nema, wanda sau da yawa bai iya faɗin abin da yake so ba. Gida ɗaya, amma kowa da ƙofarsa.

Sai dai a yi hattara. Ana ambaton mutum don a yabe shi, ana kuma ambatonsa don a ƙaryata shi, ƙidaya kuwa ba ta bambance su. Na biyun ya fi shafarmu: taswira ba ta ganin abin da ba ya cikin kundi. Malamin da ya buga aikinsa a mujallar Zariya ko ta Ibadan wadda ba a shigar da ita ba, ba shi da ko ɗigo a kanta, komai nagartar aikin.