Kyamara a Kafaɗa: Fim ɗin Gani da Ido da Gidajen Talabijin



Dattawan da ke zauren nan sun san majigi. Motar gwamnati ta shigo gari bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, hoto na tafiya, wani kuma ta lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke gani da darasin da za su ɗauka. Kada ku zaci mu kaɗai aka yi wa haka. Har ƙarshen shekarun 1950, shirin gaskiya a talabijin na Amurka da Ingila kusan haka yake, murya ce ke jan ragama, hoto ɗan rakiya ne. Kayan aiki ne suka tilasta hakan. Kyamarar da ke ɗaukar hoto da sauti tare tana da nauyi, sai an girke ta a kan ƙafafu, an kunna fitilu, an ja waya zuwa na'urar naɗar sauti. Kafin a gama shiri abin da aka zo ɗauka ya wuce, sai a ce wa mutane su maimaita.

Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne Robert Drew, ma'aikacin mujallar Life. A 1955 ya samu shekara guda ta nazari a Jami'ar Harvard, ya fito da hukuncin cewa shirye-shiryen nan lacca ce kawai aka yi wa ado da hoto (ga shi ni ma laccar nake yi muku, ko adon babu). Burinsa ya shiga inda abu ke faruwa, ba mai sharhi, ba tambaya, ba umarni, gani ya kori ji. Kamfanin Time ya ba shi kuɗi, ya tara Richard Leacock da D. A. Pennebaker da Albert Maysles. Suka sassaƙe kyamarar Auricon mai fim ɗin milimita 16 har ta hau kafaɗa, suka haɗa ta da rakodar Nagra da Stefan Kudelski ke ƙerawa a Suwizalan. Daga baya suka yi dabarar amfani da injin agogon Bulova don hoto da sauti su tafi daidai ba tare da waya tsakaninsu ba.

A watan Afrilun 1960 suka bi John Kennedy da Hubert Humphrey a zaɓen fid da gwani na jihar Wisconsin, fim ɗin da suka kira Primary. Akwai wurin da Maysles ya ɗaga kyamara sama da kansa, ya bi ƙeyar Kennedy daga ƙofa, ta cikin cunkoson magoya baya, ya hau matakala har kan dandamali, bai yanke ba. Da matar Kennedy, Jacqueline, ta tashi yin magana, sai ya koma bayanta ya ɗauki hannayenta cikin farar safar hannu, yatsunta na murɗa juna. Babu wanda ya ce maka tana fargaba. Ka gani da kanka.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Manyan gidajen talabijin uku na Amurka ba wanda ya nuna Primary ga ƙasa baki ɗaya, a ƴan tashoshi kawai aka gan shi. Al'adarsu ita ce duk abin da ya shafi labarai sai ma'aikatansu ne za su yi shi. Da ABC, ɗaya daga cikinsu, ta karya wannan al'ada ta ba Drew kwangila, John Daly, shugaban sashen labaranta, ajiye aiki ya yi. Kuma shigar Drew talabijin ta zo da sharaɗin da ba a rubuta ba. Talabijin na da awa ƙayyadajjiya da masu talla, tana son labari mai farko da ƙarshe. Fim ɗin da ba mai sharhi daga ina zai samo wannan? Drew ya gano amsa: ka nemi mutumin da ke cikin tsaka mai wuya, wanda dole al'amarinsa ya warware cikin ƴan kwanaki. Ɗan takara a daren ƙidaya, ko Paul Crump da ke jiran kisa a The Chair na 1962, ko kuma Crisis na 1963, inda Gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofar Jami'ar Alabama don hana baƙaƙen ɗalibai biyu, Vivian Malone da James Hood, shiga, kyamarori kuma suna gidan Wallace, suna ofishin Robert Kennedy, suna Fadar White House. Fim ne mai ƙarfi, ban musa ba. Amma ku lura, tun kafin a kunna kyamara an riga an zaɓi wace irin gaskiya ce ta cancanci gani, kuma wadda ke da rikici ce.

Misalin da na fi so ɗalibai su riƙe shi ne na 1963. Wata mata a garin Aberdeen na jihar Dakota ta Kudu ta haifi ƴan biyar. Mujallar Saturday Evening Post ta tura Leacock da Joyce Chopra. Abin da suka haɗa, Happy Mother's Day, ya nuna ƴan kasuwar garin suna shawarar yadda za su ci ribar haihuwar, da mai jegon da ake ta jan ta daga wannan biki zuwa wancan, fuskarta ba walwala. Masu kuɗin suka ƙi shi. Aka sake tace hotunan, ABC ta nuna labarin gari mai zumunci da ya rungumi iyali. Kyamara ɗaya, kwanaki ɗaya, mutane ɗaya, fim biyu masu kishiyantar juna, kuma babu hoton ƙarya ko guda a cikinsu. Wannan shi ne abin da na zo faɗa yau: korar mai sharhi ba ta kori mai ra'ayi ba. Ya koma ɗakin tace fim ne, inda mai kallo ba ya ganinsa. Mai lasifikar majigi ko ba komai kana jin muryarsa, kana iya yi masa gardama.

A Faransa wani ya gane haka tun da wuri, kuma mutum ne da ƙasar Nijar ta san shi. Jean Rouch ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanya, a can ya fara fim, a can kuma ya rasu a 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni. Shi bai yarda kyamara na iya ɓuya ba. A Moi, un Noir na 1958 ya bar Oumarou Ganda, ɗan ci-rani a Abidjan, ya yi magana a kan hotunan kansa. A Chronique d'un été na 1961, shi da Edgar Morin suka shiga cikin fim ɗin, suka nuna wa mutanen abin da aka ɗauka, suka naɗi gardamarsu. Duk da haka bai tsira ba, Ousmane Sembène ya zarge shi da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari.

Da tashoshin kasuwa suka gaji da salon, tashar al'umma ta PBS ce ta ɗauke shi. Frederick Wiseman, wanda lauya ne a karatu, ya bar manyan mutane ya shiga makaranta, asibiti, ofishin ƴan sanda, ofishin tallafi. Fim ɗinsa na farko, Titicut Follies na 1967, a asibitin masu taɓin hankali na Bridgewater, kotun Massachusetts ta hana nuna shi ga jama'a har 1991. Hujjar hukuma ita ce kare mutuncin majinyatan da aka ɗauka tsirara. Hujja ce mai nauyi, sai dai hukumar da ta kawo ta ita ce ta bar su tsirarar.

A 1973 PBS ta nuna An American Family. An ɗauki awa 300 a gidan iyalin Loud a California cikin wata bakwai, aka fitar da awa 12, har da rabuwar auren masu gidan. Iyalin sun yi ta kokawa cewa masu tacewa sun tsinci ɓaraka sun bar sauran. BBC ta yi nata, The Family, a 1974. Daga wannan jijiya shirye-shiryen da ake tara mutane a gida guda ana leƙensu suka tsiro, kuma ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba.

Kada ku fita da tunanin cewa na raina salon. A 1982 BBC ta nuna Police na Roger Graef, wanda rundunar Thames Valley da kanta ta buɗe wa ƙofa. A wani kashi, wata mata ta kawo ƙarar fyaɗe. Kyamara na bayanta, ba a ganin fuskarta, sai fuskokin ƴan sanda uku suna tsare ta da tambayoyi kan rayuwarta, suna gaya mata ƙarya take yi, har ta janye ƙarar. Sun san ana ɗauka, ba su kuma ga laifin abin da suke yi ba, shi ya sa ba su ɓoye komai ba. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka sauya yadda ƴan sandan Ingila ke karɓar irin wannan ƙara.

Shugaban taro, a nan zan tsaya don a samu lokacin tambayoyi.