Gyaran fako: rame ɗaya bayan ɗaya

Yau hirarmu a kan fako take, wato ƙasar da ta bushe ta yi tauri, ruwan sama ba ya shigarta.

Kun san tassa, ramun nan da ake haƙawa a zuba taki, a shuka hatsi ciki. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela, cikin jahar Tawa, suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake yin ta. Da suka komo gida sai suka gwada a ɗan fili kaɗan. Damanar 1990 ba ta yi kyau ba, amma hatsin da ke cikin ramu ya yi. Maƙwabta suka gani, suka ɗauka.

To, hekta guda, wato mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, tana cin rame wajen 10.000. Wanda ya ji wannan adadi sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya aje hauya. Ku ɗauko allo mu raba. Bana ka ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, rame 2.500 ke nan. In kana haƙa 100 kowace safiya kafin rana ta yi zafi, kwana 25 ka gama. Sauran fakon ba ya gudu, yana nan har baɗi.

Amma kafin haƙa, fara duba takinka. Nan mutane da yawa suke kuskure. Kowane rame yana son taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Takin ne ke jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Ramen da babu taki, ni dai a ganina, rabin wahalar banza ne. In takinka na rame 1.000 ne, tsaya a 1.000.

Ka tara taki tun kaka. Ka haƙa da rani, ka tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa. Shuka sai an yi ruwa mai kyau.

Ga aikinku na wannan mako. Kowa ya auna fakonsa da ƙafa, ya rubuta tsawo da faɗi a takarda, ya kawo wa malaminsa ku lissafa kwanakin tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.