KASADA DA AMANA: RAYUWAR MALANTA TA WILLI UNSOELD



Gabatarwa

A jami'o'in Amurka da Ingila da wasu ƙasashe akwai wani fannin ilmi wanda daji ne ajinsa, tsauni ko kogi kuwa shi ne allonsa. Fannin yana horar da mutum yadda zai ja ragamar ƙungiya a cikin jeji, ya ciyar da ita, ya tsare lafiyarta, ya kuma yanke shawara a lokacin da abubuwa suka rikice. Ana ba da digiri a kansa, har yana da shehunan malamai. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi sawun ɗaya daga cikin malaman da suka share wa fannin hanya, watau Willi Unsoeld, mutumin Amurka, domin mu amsa tambaya guda: shin ya dace malami ya kai ɗalibinsa bakin haɗari da sunan koyarwa? In ya dace, ina iyakar abin take?

Tushen fannin

Kafin mu shiga tarihin mutumin, ya kamata mu san inda tunanin ya faro. Wani malami Bajamushe mai suna Kurt Hahn ya taimaka wajen kafa makarantar Salem a Jamus a 1920. Da ya fito fili ya soki Hitila, sai aka tsare shi a 1933, daga nan ya yi ƙaura zuwa Biritaniya, inda ya buɗe makarantar Gordonstoun a 1934. A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, shi da wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound ta farko a Aberdyfi, a bakin tekun Wales. Hujjarsu ita ce, saurayin da bai taɓa haɗuwa da wuya ba, bai san iyakar ƙarfinsa ba, saboda haka yakan karaya tun kafin jikinsa ya gaza. Maganin da suka tsara shi ne a ɗora masa wahala mai awo, a kan teku ko a kan dutse, tare da abokansa, har ya gane cewa yana iya abin da bai zaci zai iya ba. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan falsafa da cewa gani ya kori ji.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A kansa aka gina sansanin horo na Man O' War Bay, wanda Alec Dickson ya kafa a 1951 kusa da Biktoriya, a ƙasar Kamaru ta yau. Shi ne ya zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta Nijeriya, mai makarantar hawan dutse a duwatsun Shere kusa da Jos da makarantar teku a Legas. Duk wanda ya haye katanga ko ya bi igiya a sansanin 'yan bautar ƙasa ya ɗanɗani wani abu daga tunanin Hahn.

Karatunsa da farkon aikinsa

An haifi Unsoeld a 1926 a Arcata, cikin jihar Kalifoniya, ya tashi a Eugene ta jihar Oregon, inda ya fara hawan tsaunuka tun yana yaro. Digirinsa na farko a fannin kimiyyar fiziya ne, daga kwalejin jihar Oregon, a 1951. Daga nan ya juya ga nazarin addini, sannan ya yi digirin dakta a falsafa a Jami'ar Washinton a 1959. Bincikensa a kan Henri Bergson ya yi shi, watau masanin falsafar nan na Faransa wanda ya bambanta sanin abu ta hanyar lissafi da auna shi daga waje, da kuma saninsa ta hanyar shiga cikinsa. Wannan bambanci shi ne mabuɗin duk abin da Unsoeld ya koyar daga baya.

Ya fara malanta a kwalejin da ya yi digirinsa na farko, yana koyar da falsafa da addini. Da hutu kuwa aikin ja-gora yake yi a tsaunukan Teton. A 1960 shi da George Bell suka zama mutane na farko da suka taka ƙololuwar Masherbrum a Pakistan, mai tsawon mita 7,821. A 1962 ya ajiye alli ya tafi Nepal yana cikin shugabannin ƙungiyar sa-kai ta Amurka, Peace Corps.

Daren Everest

Abin da ya fito da sunansa a duniya ya auku ranar 22 ga Mayu, 1963. Shi da wani likita, Tom Hornbein, suka hau Everest ta kafaɗarsa ta yamma, hanyar da ba a taɓa bi ba. Sun kai wani wuri inda komawa da baya ta gagara, ba su da zaɓi sai su haye ƙololuwa su gangara ta ɗaya gefen. Sun isa sama da maraice, suka soma sauka cikin duhu, suka tarar da abokan tafiyarsu biyu, Barry Bishop da Lute Jerstad, sun galabaita. Su huɗu suka kwana a fili, a sama da mita 8,500, ba tanti, ba wuta. A wannan dare Unsoeld ya ɗora ƙafafun Hornbein a kan cikinsa yana ɗumama su. Hornbein ya sauka da yatsunsa cif. Unsoeld kuwa sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa tara. A watan Yuli na shekarar Shugaba Kennedy ya ba ayarin lambar girma.

Ina so a riƙe abu ɗaya game da wannan dare, domin za mu bukace shi nan gaba. Mutanen nan huɗu ƙwararru ne, balagaggu, kowannensu ya san abin da ya shiga, kuma da ransa kaɗai ya yi kasada.

Komawa aji

Bayan ya baro Nepal, Unsoeld ya riƙe babban muƙami a ƙungiyar Outward Bound ta Amurka, yana yawo yana bayyana manufarta ga iyaye da malamai. A 1970 aka ɗauke shi cikin rukunin malaman farko da suka tsara sabuwar kwalejin Evergreen a Olympia, cikin jihar Washinton, wadda ta karɓi ɗalibai a 1971. Tsarin kwalejin ya saɓa wa wanda muka saba da shi. Babu sassa irin namu, babu matakan girma tsakanin malamai, ba a kuma ba ɗalibi maki. Malami ne yake rubuta bayani a kan ci gabansa. Malamai daga fannoni dabam-dabam sukan haɗu su koyar da shiri ɗaya. A irin wannan wuri ne malamin falsafa zai iya karanta littafi da ɗalibansa yau, gobe ya ɗaure su da igiya a jikin dutse, a lissafa duka biyun a matsayin karatu.

Ana iya taƙaita koyarwarsa cikin abubuwa uku. Na farko, daji yana mai da mutum ƙarami a idon kansa, yana cusa masa tsoro da girmamawa irin waɗanda masu ibada suka sani. Na biyu, igiyar da ta haɗa mutum biyu tana koyar da amana fiye da kowace lacca, domin ranka yana hannun ɗan'uwanka, nasa kuma yana hannunka. Na uku, wanda ya fi dacewa da ma'aikatan da ke wannan zaure, shi ne ma'aunin da ya sa wa tafiya daji. A ganinsa, tafiyar ba ta da amfani sai in wanda ya je ya dawo gari ya fi iya ɗaukar nauyin jama'a da haƙuri da matsalolinsu. In ba haka ba, gudun duniya ne kawai.

Game da haɗari kuwa, bai ɓoye ra'ayinsa ba. Idan iyaye suka nemi ya ba su tabbacin 'ya'yansu za su dawo lafiya, yakan ƙi, ya ce wanda aka killace daga kowane haɗari jikinsa ne kaɗai aka tsare, amma an kashe masa zuciya.

Jarrabawa biyu

Wannan ra'ayi ya gamu da jarrabawa sau biyu, kowace ta fi ta Everest ɗaci. A 1949 Unsoeld ya hangi tsaunin Nanda Devi na Indiya, mai tsawon mita 7,816, kyansa ya burge shi har ya sa wa 'yarsa sunan tsaunin. A 1976 ya zama ɗaya daga cikin shugabanni biyu na ayarin da ya je hawansa, 'yar tasa tana ciki, tana da shekara 22. Mutum uku daga ayarin sun kai ƙololuwa. Ita kuwa rashin lafiya ya kama ta a sansani na sama, ta rasu a cikin tanti a gaban mahaifinta. Daga baya wasu 'yan ayarin sun ce alamun ciwon sun bayyana tun da wuri, ya kamata shugabanni su sa ta sauka. Unsoeld ya bar mata zaɓi, bisa aƙidarsa cewa baligi shi ke yanke wa kansa shawara.

Jarrabawa ta biyu ta zo ranar 4 ga Maris, 1979. Ya ɗauki ɗalibansa na Evergreen fiye da ashirin zuwa tsaunin Rainier, mai tsawon mita 4,392, a lokacin sanyi. Guguwa ta tare su, suka juyo. Suna gangarowa ta wata mashiga da ake kira Cadaver Gap, sai dusar ƙanƙara ta zaftare ta binne waɗanda ke kan igiyar gaba. Unsoeld ya mutu yana da shekara 52, tare da wata ɗaliba guda.

Ina iyakar take?

Masu kare shi suna cewa zama a sama cikin guguwa shi ma halaka ne, kuma ba a hawan tsauni ba tare da yiwuwar mutuwa ba. Wannan gaskiya ce, amma ba ta amsa tambayarmu ba, domin shawarar da ta fi nauyi an yanke ta tun a ƙasa, ranar da aka zaɓi tsaunin da lokacin tafiya da yawan ɗaliban.

A nan ne za mu koma ga daren Everest. Ƙwararre yana iya auna haɗari ya yarda da shi. Ɗalibi kuwa bai iya ba tukuna, ai rashin iyawar ce ta kawo shi makaranta. Idan ya ce ya yarda, da malaminsa ya yarda, musamman malami mai suna da kwarjini, wanda ake jin kunyar a ce masa an gaji ko an tsorata. Saboda haka kasadar da malami zai yi da ransa dabam take da wadda zai yi da ran 'ya'yan mutane. Ta farko jaruntaka ce, ta biyu kuwa amana ce aka danƙa masa.

Fannin kansa ya karkata zuwa wannan fahimta. Colin Mortlock, wani malami a Ingila, ya nuna a littafinsa na 1984 cewa wahala tana da matakai, tun daga wasa, zuwa ƙalubalen da ke faɗaɗa mutum, har zuwa masifar da ba ta koyar da kome sai firgita. Malaman fannin suka riƙa bambanta haɗarin da ɗalibi yake ji a ransa da haɗarin da yake akwai a zahiri. Wanda ke rataye a jikin dutse da igiya mai ƙwari, ƙwararre yana riƙe da ita, cikinsa zai ɗuri ruwa, zai kuma koyi darasin, alhali ransa ba ya cikin garari. Hukuma ma ta shigo: bayan da 'yan makaranta huɗu suka nutse a Lyme Bay a 1993, majalisar Biritaniya ta yi doka a 1995 wadda ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke kai yara irin waɗannan wasanni.

Kammalawa

Unsoeld ya yi gaskiya da ya ce ba a koyon jagoranci a kan kujera, kuma tarbiyyar da ta kawar da kowace wahala tana fitar da mutane masu raunin zuciya. Rayuwarsa ta tabbatar da haka, ta kuma nuna tsadar abin idan aka wuce gona da iri. Ɗaliban da ke nan za su shiga sansanoni, ma'aikata kuwa su ne za su sa hannu a takardun da za su tura 'ya'yan wasu horo ko aiki a wurare masu wuya. Kafin a sa hannu, sai a tambayi kai abu uku: wane darasi ake nema, ko akwai hanyar samunsa da haɗarin da bai kai wannan ba, kuma wa ke da ikon cewa a juya idan yanayi ya canja? A amsa su tun ana gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.