Mutum Huɗu da Tabarma Ɗaya

Ko a rumfa kake, ko a bakin tasha, ka ba ni hankalinka kaɗan.

A ƙasar Amurka akwai wani mutum mai suna Billy Starr, wanda uwatasa ta mutu da ciwon daji. A shekara ta 1980 ya tara mutane, su 36, suka hau kekuna suka yi tafiyar mil 220. Kowannensu ya bi 'yan'uwa da maƙwabta yana roƙo, shi ya ba da ƙafafunsa, su kuwa su ba da kuɗi. Suka tara dala 10,200 domin asibitin Dana-Farber a birnin Boston, inda ake jiyyar masu wannan ciwo, ana kuma neman maganinsa. Ba su daina ba. A shekara ta 2024 abin da aka tara tun daga farko ya wuce dala biliyan ɗaya.

Sa'anda na ji labarin nan, kunya ta rufe ni.

Ina da aboki a Maraɗi, mai sayar da gyaɗa. Kowace ranar kasuwa yakan ɗaure buhu a bayan kekensa. Tare muka koyi karatu a benci ɗaya. Sai ya soma ramewa, idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Waɗansu suka ce sammu ne. Aka jiƙa saiwa, aka yi turare, har wata huɗu. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon daji ne na hanta, an kuwa makara. Keken nan ma aka sayar domin kuɗin mota da allura.

Ni fa? Kowace yamma ina zuwa in yi masa addu'a. Amma ko sau ɗaya ban tsaya a ƙofar kowa na roƙa dominsa ba, gama ina gudun kada a ce malamin ikkilisiya ya zama maroƙi. Ya rasu kafin damina ta faɗi, ya bar mata da 'ya'ya uku.

Cikin Markus sura 2 an ba da labarin wani shanyayye a Kafarnahum. Mutum huɗu suka ɗauko shi, suka tarar gida ya cika maƙil. Ba su koma ba. Suka hau bisa, suka buɗe rufin gidan da ba nasu ba, suka zura shi gaban Yesu, jama'a na kallo. Ka lura, ba su ji nauyin kowa ba. Ni kuwa na ji, na bar gefen tabarmata a ƙasa.

Ban ce da na roƙa da abokina ya rayu ba. Rai a hannun Allah yake, Yesu kansa ma ya zub da hawaye domin Li'azaru abokinsa. Amma da ya tafi ba da damuwar bashi ba.

Likitoci sun ce ciwon hanta da ake kira hepatitis B yakan jawo wannan cuta, haka kuma gyaɗa da masara masu funfuna. Akwai allurar rigakafi ta jarirai. Ka kai naka. Idan idon maƙwabcinka ya yi rawaya, kada a jira wata huɗu.

Ran Asabar ni da samari uku za mu hau keke mu zaga ƙauyuka domin gwauruwar nan da marayunta. Idan ka ji ƙararrawa a ƙofarka, mu ne. Ko tiya ɗaya ta hatsi ce, za mu ɗaure ta a baya.